Jan Biron Da Na Ɗora A Kan Rubutun 'Yata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko wa wannan shafi, ina tsaki ina cewa wa ya aike su tonon asirin kansu. Yau ga ni a layi, kuma ba na neman kowa ya tausaya min.

A shekarun da abin ya faru, ni babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja, kuma duk hawa na uku na ginin nan babu wanda ya kai ni iya tsara wasiƙa da Turanci. Shekara ashirin da biyu ina rubuta wa manya takarda su sa hannu. Darakta ya zo ya tafi, wani ya gaje shi, ni ina nan da jan birona. Gwanintata ita ce in cika shafi biyu cif ba tare da an kama ni na ce e ko a'a ba. Haka aka horar da mu: ma'aikaci ba shi da ra'ayi, umartarsa aka yi. Ka kawo hujjar wannan ɓangare, ka kawo ta wancan, ka ƙawata su da manyan kalmomi, sannan ka miƙa wa na sama ya yanke hukunci. Wanda ya rubuta abin da yake gani a ransa, shi ake nema ranar da magana ta ɓaci. Da wannan dabara na tsira daga sauyin wurin aiki har sau huɗu, na gina gidana a Jikwoyi, kuma a unguwar duk mai takardar neman aiki ko ƙorafi ƙofata yake bugawa. Ina ji a jikina cewa ko Baturen da ya haifi harshen sai ya gyara zama in na fara.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mama nake ce mata. Likitancin dabbobi ta karanta. Yarinya ce marar yawan magana a gabana, amma ƙannenta sun sha gaya min cewa a waje ba a kayar da ita a gardama, ni kuwa sai in yi dariya don ban taɓa gani ba. Bayan ta gama bautar ƙasa, wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin digiri na biyu a kan cututtukan shanu, da tallafin da ya ɗauke kuɗin makaranta da na zama. Mutum biyu kacal aka ɗauka a wannan fanni. Sharaɗi ɗaya ya rage, ta kawo sakamakon jarrabawar ƙwarewa a Turanci kafin ranar da suka yanka, wata huɗu nan gaba. In ranar ta wuce, gurbin ya tafi ga na bayanta a jeri.

Ga wanda bai san jarrabawar ba, fanni huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Kowane fanni ana ba shi maki daga ɗaya zuwa tara, har da rabi-rabi, sannan a haɗa huɗun a raba, a fitar da maki na gaba ɗaya. Mama ta zauna ta farko ba tare da na sa baki ba, don ina ganin abin bai kai in tsaya a kansa ba. Sakamako ya fito: takwas a sauraro, bakwai da rabi a karatu, bakwai a magana, shida a rubutu. Na gaba ɗaya bakwai. Jami'ar kuwa shida da rabi ta nema. Ni da ban karanta wasiƙarsu har ƙarshe ba, ni gwanin wasiƙa, sai na sa aka yanka kaji aka dafa shinkafa, na aika wa maƙwabta, na buga wa dangi waya har gida cewa a fara shirin rakiya. Tana ta ƙoƙarin ta yi min magana ranar, ina ta cewa ta bari sai baƙi sun watse. Da suka watse ta nuna min layin da na tsallake: shida da rabi a kowane fanni, ba a jimla kaɗai ba. Rabin maki ya rage mata a rubutu, kuma a lokacin ba a yarda mutum ya sake fanni ɗaya shi kaɗai ba, sai ya maimaita duka huɗun.

Raina ya ɓaci, amma in faɗi gaskiya ba don ita ba ne. Kunyar kajin da na raba ce ta fi ci min rai, da kuma cewa rubutu ne, fagena, aka ce 'yar cikina ta gaza a kansa. Na ce ta rubuta min irin abin da ta rubuta musu in gani. Ta zauna ta rubuta. Na karanta na kama kai. Tun a layi na biyu ta faɗi matsayarta ƙarara, kamar mai ciniki a kasuwa, sannan ta bi da dalilai cikin gajerun jimloli da kalmomin da ɗan aji uku ma ya sani. Na ce mata ai ko rabin makin nan alfarma suka yi mata da bai fi haka ba. Wa ya ce mata ana shiga gaban manya a fara da ra'ayi? Na zaro jan biro na bi takardar nan layi-layi har sai da baƙin ya ɓace a cikin ja. Na ce daga yau ni ne malaminta.

Washegari da safe na tarar da wata takarda mai shafi ɗaya a gefen kofin shayina, an ja mata layuka gida-gida. Ta ce min, cikin ladabi, wai ƙa'idojin da masu duba rubutun ke bi ne, su da kansu suka wallafa, ko zan duba in na samu sarari. Na ɗaga na kalli saman, na ga ƙananan rubutu, na ce mata ni da na horar da ma'aikata sama da yawan shekarunta ba na bukatar wani ya koya min abin da ake kira kyakkyawan Turanci. Na juya bayan takardar, na fara jera mata manyan kalmomi guda arba'in da nake so ta haddace kafin Juma'a. A makon ne kuma maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya daga tsakiyar ƙasar nan wadda ita ma ta zauna jarrabawar har sau biyu, ta tsayar da ni a bakin famfo. Da irin Hausarta ta ce min wai oga, wannan jarrabawa ba ya son dogon Turanci, yana so mutum ya faɗi magana ɗaya ya tsaya a kai, in bar yarinya ya rubuta yadda ya saba, ƙaramin gyara kawai ya rage masa. Na amsa mata da cewa na gode, amma ban saba karɓar shawarar cin jarrabawa daga wanda ya faɗi sau biyu ba. Ta ɗauki bokitinta ta wuce ba ta ƙara kallona ba.

Mako shida muka yi. Kullum in na dawo daga cunkoson Nyanya, in yi sallar magariba, in ba ta tambaya ta rubuta, in gyara. Duk inda ta ɗauki ɓangare sai in soke. Na koya mata doguwar shimfiɗa kafin a shiga magana, na ba ta jimloli biyar na buɗewa da uku na rufewa ta haddace, waɗanda za su dace da kowace irin tambaya. Na koya mata yadda ake ba kowane ɓangare haƙƙinsa daidai wa daida, sannan a rufe da cewa al'amarin na bukatar nazarin hukumomin da abin ya shafa. Mahaifiyarta ta taɓa cewa ita dai ba ta jin Turanci sosai, amma ta lura yarinyar ta daina cin abinci tun da aka fara karatun nan. Na ce mata haka ilimi yake, ba a samunsa da cikakken ciki.

Akwai wata al'ada a gidana da ya kamata in faɗa, don a kanta komai ya rataya. Tun yarana suna firamare, duk ɗan da ya dawo daga jarrabawa sai ya durƙusa a gabana ya maimaita min abin da ya rubuta, tambaya bayan tambaya. Ina alfahari da wannan tsari, ina ba abokaina labarinsa a ofis. Ranar da Mama ta zauna ta biyu, ta dawo da la'asar, ta durƙusa kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara shida. Tambayar da aka yi musu ita ce ko sun yarda a fitar da manyan kasuwanni daga cikin birane zuwa bayan gari, kuma su faɗi iyakar yardarsu. Ta maimaita min amsarta kusan kalma da kalma. Shimfiɗata tana nan, manyan kalmomina goma sha uku sun shiga, masu goyon baya sun samu sakin layinsu, masu adawa sun samu nasu, aka miƙa wa hukuma. Na ce mata ko ni iyakar abin da zan rubuta ke nan. Na sa mata albarka, ta tashi.

Bayan kamar mako biyu sakamako ya fito. Sauraro takwas, karatu takwas, magana bakwai da rabi, rubutu biyar da rabi. Rabin makin da take nema ya zama maki guda.

Ban taɓa yin fushi irin na ranar ba. Na ɗauki hutun rabin yini na tafi cibiyar da aka yi jarrabawar, na buga tebur na ce a fito min da takardar 'yata da wanda ya duba ta. Matar da ke wurin ta ce ba a mayar wa kowa takardarsa, ba a kuma bayyana mai dubawa, lamba kawai ake bayarwa. Ta ce hanya biyu ce a gabanmu. Ko mu nemi a sake duba takardar, wanda zai iya ɗaukar makonni, ko yarinyar ta sake zama, kuma akwai sauran kujera a zama na ƙarshe da sakamakonsa zai fito kafin ranar jami'ar. Ta ma rage murya ta ce in da ita ce, kujerar za ta kama. Mama tana tsaye a bayana, na ji ta ce Baba, a hankali, sau ɗaya. Na juya na ce mata sake zama yana nufin mun amsa cewa rubutun ne bai yi ba, ni kuwa na ji rubutun da kunnena. Na rantse a gaban mutane cewa ba za ta sake zama ba, kuskure suka yi kuma sai sun gyara. Na cike takardar neman sake dubawa da hannuna, har na haɗa da wasiƙa mai shafi biyu wadda nake tsammanin za ta girgiza su. Amsa ta zo kwana tara bayan ranar jami'ar ta wuce. Biyar da rabi, babu canji.

Shekara shida ina zagin mutanen nan a duk majalisar da na zauna. Kuma har yau akwai abin da ban janye ba. Yarinyar da aka koyar da Turanci tun daga rabin aji har jami'a, a ce sai ta biya ta tabbatar tana jin harshen, wannan raini ne. A ce sakamakon yana lalacewa bayan shekara biyu kamar tumatir, wannan ciniki ne. A miƙa wa mutum lamba tsirara ba tare da layi ɗaya na bayanin inda ya kuskure ba, wannan rashin tausayi ne. Da an mayar mana da takardar farko da alamar gyara a jiki, wataƙila da girman kaina bai samu wurin shiga ba. Amma na fake a bayan waɗannan gaskiyoyi na ɓoye tawa. Mama ba ta sake neman wani gurbi ba. Ta kama aiki a karar shanu ta Dei-Dei, ta yi aure, ta haihu, ta ci gaba da gaishe ni a durƙushe, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba ko da wasa.

Bayan na yi ritaya, maƙwabciyar nan ta ci tata jarrabawar a zama na huɗu. Da za ta tafi ƙasar waje ta shigo sallama, ta ajiye min tulin takardun da ta yi karatu da su, ta ce in ba duk wanda zai amfana. Ban sani ba ko da gangan ta ɗora takardar ƙa'idojin masu duba rubutu a sama. Mai ritaya ba shi da abin yi, sai na sa tabarau na karanta. Gida huɗu ne, kowane da kashi ɗaya bisa huɗu na makin rubutu. Na farko, shin mutum ya amsa abin da aka tambaye shi, kuma matsayarsa ta fito fili tun daga farko har ƙarshe. Na biyu, shin maganar tana bin juna a tsare. Na uku, kalmomi, amma ba girmansu ba, dacewarsu da wurin da aka sa su. Na huɗu, nahawu. A wata takardar kuma aka yi gargaɗi cewa masu dubawa sun san haddatattun jimloli, ba sa ba su wani daraja. Wato duk abin da na soke da jan biro shi ne ake ba maki, duk abin da na cusa mata shi ne ake ragewa. Layukan suka yi min kama da wani abu da na taɓa gani. Na shiga ɗaki na zaro tsohon fayil ɗin da na adana darussanmu a ciki, don ina da ɗabi'ar ajiye komai. Ga jerin kalmomina arba'in da rubutun hannuna. Na juya bayansa. Takardar ce, iri ɗaya sak, kuma a gidan farko an ja layi da fensir a ƙarƙashin maganar matsaya, an ja sau biyu.

Washegari na hau mota zuwa Dei-Dei, karon farko da na je wurin aikinta. Na ratsa ta tsakanin tireloli da masu rodi da siminti har na isa kara. Daga nesa na hango ta cikin dogayen takalman roba, dillalai shida sun kewaye ta a kan wani bijimi da ake son lodawa. Muryarta na fara ji kafin in gane ita ce. Tana gaya musu cewa san nan ba shi da lafiya, ba zai hau mota ba, ta lissafa musu dalili uku a yatsunta. Wani dattijo ya ce mata likita a duba dai, an riga an yi ciniki. Ta ce masa Alhaji ta duba, amsar ita ce a'a. Aka sauke igiya aka ja san gefe. Na tsaya a nan cikin warin kashin shanu ina kallon matar da ƙannenta suka daɗe suna ba ni labari.

Da ta gan ni ta rage tsawo ta gaishe ni, ta samo min benci a inuwar wata rumfa. Na miƙa mata takardar. Ta duba gaba, ta duba baya, ta yi ɗan murmushi. Na tambaye ta abin da ya hana ni barci: tun da ta san ƙa'idar, kuma ba na cikin ɗakin jarrabawar, me ya hana ta rubuta nata? Ta ce da ta ga tambayar kasuwanni har daɗi ta ji, don a nan Dei-Dei ta yi aikin sanin makama, ta san amsarta da hujjojinta kamar sunanta. Ta ce har ta rubuta layin farko. Sai ta tuna cewa da la'asar za ta durƙusa a gabana in ce ta maimaita, kuma hanya biyu ce kawai: ko ta faɗa min ta watsar da koyarwata, ko ta yi min ƙarya. Ta ce ba ta taɓa yin ko ɗaya ba, ba ta kuma san yadda ake yi ba. Sai ta goge layin ta rubuta nawa.

Na nemi gafararta a kan bencin nan, a gaban dillalan shanu. Ta ce haba Baba, ya wuce, haka Allah ya tsara. Ban yi mata musu ba, amma na san wanda ya riƙe biron.

Abin da na koya ba shi da yawa, sai dai na saye shi da gurbin da ba nawa ba. Duk mai shirin wannan jarrabawa ya nemi ƙa'idojin bayar da makin ya karanta da idonsa kafin ya saurari kowane gwani, ko da gwanin ubansa ne. Ya duba ko jimla ake nema ko kowane fanni, ya karanta wasiƙar makaranta har layin ƙarshe. In lokaci ya ƙure, kada ya tsaya neman a ce shi ke da gaskiya alhali akwai sauran kujera. Ku kuma 'yan uwana tsofaffin ma'aikata, Turancin da ya tsare mana kujerunmu an ƙera shi ne don kada a san abin da muke tunani, kada mu ɗauka shi ne ma'aunin ilimi. Ga iyaye kuwa, in ɗanku mai biyayya ya ajiye muku takarda a gefen shayi, ku sani ya yi iyakar ihun da tarbiyyarku ta bar masa. Ni sai bayan shekara shida na ji ihun tawa 'yar.

Jikata ta fara firamare bana. Ranar da ta gama jarrabawar zangon farko aka kawo ta gidana, uwarta ta ce mata ta je ta gaya wa Kaka abin da ta rubuta. Yarinyar ta zo za ta durƙusa. Na ɗaga ta na ce ba a yin wannan a gidan nan.